Alwalar Malam Rabo a Bakin Famfo

Shekarar da 'yan asalin Ɗantutture mazauna birane suka haɗa hannu suka haƙa wa garinsu rijiyar burtsatse, sun so a yi musu shafi a intanet, domin na Kaduna da na Legas da na ƙetare kowa ya ga ruwan da idonsa ya yi hamdala. Aikin ya faɗa hannun Zubair, wanda ke da ɗan shago a Dutsin-Ma inda yake gina wa makarantu da 'yan kasuwa shafuka. Shi ba baƙo ba ne a garin. Mahaifiyarsa 'yar can ce, kuma Malam Rabo, ladanin masallacin Ɗantutture, yayanta ne ciki ɗaya.

Ranar da aka buɗe famfo, dattawa suka ce kada a sha, kada a ɗiba, sai ladan ya fara yin alwala da ruwan, tunda azahar ta gabato. Malam Rabo ya cika butarsa, ya zauna a kan wani faffaɗan dutse, ya naɗe hannun riga. Zubair ya tsaya gabansa da waya yana ɗauka. Tsohon ya wanke hannu, ya kurkure baki, ya shaƙa ya fyace, ya wanke fuska har ruwa na ɗiga daga farin gemunsa, ya wanke damatsa zuwa gwiwar hannu, ya shafi kai da kunnuwa, ya wanke ƙafar dama. Da ya zo kan ta hagu, wadda kullum take cikin baƙar safa, sai ya ɗaga ido ya dubi ɗan ƙanwarsa, ya yi masa nuni da hannu cewa ya sauke abin. Zubair ya sauke wayar ya kawar da kai, don kunyar kawu. Sai daga baya ya lura bai kashe ta ba, ta ci gaba da ɗaukar hoton yashi.

Kowace sana'a da ƙa'idojinta, kuma Zubair ya san nasa. Bidiyon da ake sa wa a goshin shafi, wanda zai kama motsi da kansa da zarar an buɗe, dole ne ya zama bebe, domin wayoyi ba su yarda wani abu ya ɓarke da magana ba tare da an taɓa shi ba. Saboda haka ya cire sautin tun kafin ya saurare shi. Dole kuma ya zama marar nauyi, don sabis a ƙauyukan Kurfi irin su Ɗantutture sai an yi ta lallami, saboda haka ya matse shi, ya yanke wutsiyar nan ta yashi ya ajiye gefe. Sa'an nan ya umarce shi da ya riƙa komawa farko duk lokacin da ya kai ƙarshe.

A nan ne ya yi abin da ya ɗauka gwaninta. Ya lura cewa a farkon bidiyon Malam Rabo yana sunkuye da buta a hannun dama, kuma bayan ya gama ƙafar dama ya sake sunkuyawa daidai haka, da butar a wuri guda. Sai ya haɗa bakin nan biyu, ya yi ta gogewa har mahaɗar ta ɓace. Mai kallo ba zai taɓa gane inda aka tsaya da inda aka soma ba. Ruwa dai na zuba yana ƙyalli, tsoho na alwala, sunan ƙungiyar 'yan asalin garin na rubuce a sama. 'Yan birni suka yaba ƙwarai. Zubair ya riƙa nuna wa masu kawo masa aiki, yana cewa su nemo mahaɗar in sun isa.

Bayan an yi girbi, Allah Ya karɓi ran Malam Rabo. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa. Zubair ya je aka yi jana'iza da shi, ya zauna zaman makoki, ya koma Dutsin-Ma. Shafin bai ko faɗo masa a rai ba.

Wata rana da hantsi sai ga Ummaru, babban ɗan marigayin, ya jingine babur a ƙofar shago. Taubasai ne, tun suna yara ba su haɗuwa ba su tsokani juna ba.

“Salamu alaikum, masu sana'ar zaune. Har yanzu dai kujerar nan ba ta huje ba?”

“Wa alaikumus salam. Shigo a hankali, kada ka zubo mini ƙaiƙayi cikin na'ura. Ya ƙarin haƙuri? Ya Gogo?”

Gogo ita ce Maimuna, matar marigayin, mahaifiyar Ummaru. Kowa a dangi haka yake kiranta. Da jin sunanta sai fara'ar ta bar fuskar Ummaru. Ya jawo benci ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

“Ita ta kawo ni. Ni na yi wautar, taubashi. Na ga tana takaba, ta yi shiru da yawa, na ce bari in nuna mata Baba a shafin nan naka ko ta ji sanyi. Tun ranar wayata ta zama tata. In caji ya ƙare ta miƙo, in an cika ta amshe. Tuwo sai an yi da gaske take taɓawa.”

“Ai kewa ce. A hankali za ta saba.”

“Ba kewa ba ce. Jira take yi.”

“Jiran me?”

Ummaru ya yi nuni da kwamfutar da haɓa. “Buɗe ka duba. Kada ka duba da idon injiniya. Duba kamar kana tsaye bayansa kana jiran buta.”

Zubair ya buɗe. Shafin ya bayyana, Malam Rabo ya sunkuya. Hannu, baki, hanci, fuska. Damatsa, kai, kunnuwa. Ƙafar dama. Ya sunkuya da buta, sai ga shi yana wanke hannu.

Bidiyon nan Zubair ya kalle shi fiye da yadda zai iya tunawa, amma kullum mahaɗa yake dubawa, da haske, da nauyi. Yau ne ya fara bin gaɓɓan ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda aka koya masa a makarantar allo. Tsohon ya sake kaiwa ƙafar dama, ya sake sunkuyawa, ya sake komawa hannu. Leɓɓansa na motsi, babu murya. Azahar ɗin nan da ta gabato a ranar har yanzu tana gabatowa, ladan bai miƙe ba.

Zubair ya janye hannu daga kwamfutar.

“Ka gani ko?” in ji Ummaru a hankali. “Har mutanen gari sun fara ƙus-ƙus. Wai Malam ya kasa gama alwala. Liman ya tsawata, ya ce hoto hoto ne, a ji tsoron Allah. An yi shiru a gabansa, amma mata a bakin famfo ba su bari ba. Wasu ma yanzu ba su son zama a kan dutsen.”

“Yanzun nan zan sauke shi.” Zubair ya kai hannu.

Ummaru ya riƙe masa wuyan hannu. “Na faɗa mata haka. Ka san abin da ta ce? Ta ce, in ya cire, a nan ya bar shi ke nan, ƙafa ɗaya jiƙe ɗaya bushe. Ta ce a gaya wa Zubairu shi ya tsayar da shi, shi zai bar shi ya ƙarasa.”

Liman gaskiya ya faɗa, kuma babu mai ilimin da zai ce wani abu daban. Wanda ya rasu ya koma ga Ubangijinsa da abin da ya aikata, babu wata na'ura da ke riƙe rai, babu hoton da ke ƙara wa mamaci ko ya rage masa. Alwalar Malam Rabo ta wannan rana ta cika, ya kira salla, ya yi ta cikin jam'i, Zubair kansa yana sahu. Duk wannan ya sani. Sai dai sanin kai daban, abin da zuciya ke ɗauka daban, kuma Allah Ya halicci ɗan Adam mai rauni.

Bayan Ummaru ya tafi aka kira azahar. Zubair ya ɗauki buta ya tsuguna a bakin shago. Ya yi komai bisa tsari har ya wanke ƙafar dama, sai ya tsinci kansa yana zuba ruwa a tafin hannu. Ya tsaya. Shin ya wanke ta hagu ko bai wanke ba? Ya duba, ga ta a bushe. Ya nemi tsari daga Shaiɗan ya sake daga farko, ko da yake ya san ba a buƙatar haka. Kafin ya gama an yi raka'a.

Haka kwanakin suka zame masa. Waswasi ya sami ƙofa. In yana aikin wani shafin, sai ya tuna cewa a daidai wannan lokaci wataƙila wani a Kano ya buɗe na Ɗantutture, kawunsa ya sake sunkuyawa. Wani a Jidda ya buɗe, ya sake sunkuyawa. Babu gajiya, babu hutu, babu mai miƙa masa hannu ya tashi. Kuma can a ɗaki ga tsohuwa zaune a tabarma da waya a cinya, tana cewa a ranta ko wannan karon. Abin da ya fi ci masa rai shi ne kyan aikin. Da ya bar mahaɗar a fili, da an ga ɗan tsalle an san na'ura ce ta koma baya. Amma ya goge ta sarai, har ya zama kamar tsohon ne da kansa yake mantawa.

Ya buɗe ainihin abin da ya ɗauka, ya ja zuwa inda ya yanke. Hoton ya karkata, ya yi ƙasa, yashi ya cika fuskar kwamfutar. Ya rufe. Babu ƙafar hagu a ciki, babu abin da zai ba Gogo.

Sai wata dabara ta zo masa, irin wadda ba ta zuwa sai ga mai wannan sana'a. A manhajar da yake gyaran bidiyo akwai wurin da ake dannawa hoto ya juye kamar a madubi, dama ta koma hagu. Ya kwafi wankin ƙafar dama, ya juya shi, ya liƙa a bayan na asali. Ya matso da hoton kusa don kada a ga famfo ya sauya gefe. Ya daidaita haske, ya goge mahaɗa. Da ya kunna, sai ga Malam Rabo ya wanke dama, ya sunkuya, ya wanke hagu tsaf har idon sawu.

Ya daɗe yana kallo. Wani abu a ƙirjinsa bai kwanta ba, amma ya ce wa kansa ai ba ƙarya ya ƙaga ba, tunda tsohon ya gama alwalarsa a ranar. Gurbi kawai ya cike. Bai sa shi a shafi ba tukuna. Ya saka kwamfuta a jaka, washegari da sassafe ya hau mota zuwa Kurfi, Ummaru ya tarye shi da babur suka bi ta cikin gonakin da aka girbe.

“Ka samo ƙafar?” Ummaru ya tambaya, iska na kwashe rabin maganar.

“Na samo.”

“A ina? Ka ce mini yashi ka ɗauka.”

“Kai dai tuƙa. Ka san kan garma, ban ce ka san kan wannan ba.”

Suka tarar da Gogo a ɗakinta, zaune a tabarma, lulluɓe da mayafi marar ado, babu kwalli babu lalle, kamar yadda mai takaba ke zama. Carbi na hannun dama, waya na cinya. Ta rame har ƙasusuwan kuncinta sun fito. Zubair ya tuɓe takalmi ya durƙusa daga bakin ƙofa.

“Gogo, ina kwana. Ya ƙarin haƙuri?”

“Haƙuri sai godiya, Zubairu. Ya uwar taka? Ta ji sauƙin gwiwar?”

“Da sauƙi, tana gaishe ki.”

“Ina amsawa.” Ta dube shi da idanun da suka yi zuru-zuru. “Kada ka ce tsohuwa ta zautu. Na san hoto ne. Na san inda Malam yake, da idona na ga an fita da shi. Amma tun ina yarinya ni ke cika ma shi buta. In ya zauna alwala ban tashi sai na ji ya yi shahada, sa'an nan in ɗauke butar. To ga shi ka zaunar da shi, ni kuma na kasa tashi.”

Zubair ya buɗe kwamfuta, ya ajiye a gabanta, ya kunna sabon da ya haɗa.

Ta matso. Leɓɓanta na bin gaɓɓan. Da aka wanke ƙafar dama ta riƙe numfashi, kamar yadda ta saba riƙewa. Tsohon ya sunkuya, ya jawo ƙafar hagu, ruwa ya zuba a kanta.

Gogo ta yi wani ɗan sauti a maƙogwaro. Ta kai yatsa ta taɓa gilashin, daidai kan ƙafar. Hawaye suka gangaro mata.

“Alhamdu lillahi,” in ji Ummaru daga tsaye. “Shi ke nan, Gogo, ya gama. Taubashi, yau kam na yarda kana da amfani.”

“Sake mini,” ta ce.

Zubair ya sake. Ta kalla har ƙarshe, sa'an nan ta janye hannunta ta goge fuska da gefen mayafi.

“Lafiyayya,” ta ce. “Yatsu biyar cif. Rabon da in ga ƙafar nan haka tun kafin a yaye autana.” Ta sake duban gilashin. “Kaico, da ma a bar mini ita in yi ta kallo.”

Ta girgiza kai.

“Amma ba tashi ba ce. Malam bai taɓa riƙe buta da hagu ba. Kuma ƙafar nan tashi ruwa bai taɓa ta ba shekara da shekaru. Gyambo ne, ya ci yatsu biyu, ya ƙi warkewa. Ni ke wanke shi, ni ke ɗaure shi, shi kuma ya ja safa ya rufe. Shafa yake yi bisa ɗaurin, kamar yadda shari'a ta sauƙaƙa ma shi.” Ta juya ga Ummaru. “Ko kai ba ka san ya kai haka ba. Bai so a sani.”

Ummaru ya sulale ya zauna a dokin ƙofa.

“Zubairu, wannan wani mutum ne ka sa ma shi fuskar kawunka. Na san don ni ka yi, Allah Ya yi ma albarka. Amma kada ka bari kowa ya gani. Da ya yi ta zama a kan dutsen nan da ƙafarshi ta gaskiya, da ya tashi da ta aro, gara ya zauna.”

Kunya ta rufe Zubair har ya ji kunnuwansa na zafi. Ya goge abin a gabanta, ya nuna mata ya goge.

“To faɗa mini,” ta ce. “Ran nan ban je bakin famfo ba, ina gida ina dama fura ta baƙi. Da ya gama ta dama, mi ya faru?”

“Ya yi mini nuni in sauke wayar, na sauke. Ta ci gaba da ɗauka, amma ƙasa kawai ta ɗauka. Babu komai a ciki, Gogo, yashi ne.”

“Yashin ba ya magana?”

“Na'am?”

“Abin naku ba ya ɗaukar murya? Na ga in Ummaru ya ɗauki yara ana jin ihunsu.”

Sai a lokacin Zubair ya tuna. Tun ranar farko ya raba bidiyon da sautinsa, domin ƙa'ida ta ce na goshin shafi bebe ne, kuma ko a shago lasifikarsa a kashe take don kada ta dami maƙwabta. Bai taɓa jin abin da ke ciki ba, a ranar ma hayaniyar taro ce ta cika masa kunne. Ya nemo na asalin, ya ƙure murya, ya kunna daga inda ya yanke.

Ɗakin ya cika da hayaniyar wannan rana: guɗar mata daga nesa, kukan akuya, ruwa na dukan siminti. Hoton ya karkata ya faɗi kan yashi. Sai murya ta fito, kusa ƙwarai, mai ɗan kaushi, muryar da ta tashi garin nan sallar asuba tun kafin a haifi su Ummaru.

“Yauwa, ɗan albarka. Bar shi nan ƙasa. In 'yan birnin nan suka gani, sai su tattara ni su kai asibiti, wa zai yi muku kiran salla?”

Gogo ta yi dariya da kuka a haɗe, ta toshe baki da mayafi.

“Ku duba,” in ji Ummaru, ya nuna da yatsa. “Ku duba ƙasan.”

Zubair ya duba. A da in ya kai nan rufewa yake yi, don idonsa ƙafa yake nema. Rana tana tsaka a lokacin, ta ɗan karkata, kuma a gefen hoton, kan yashin, ga wata gajeriyar inuwa. Inuwar mutum zaune. Aka ji an ajiye buta. Inuwar ta sunkuya, hannunta ya zare wani abu daga ƙafa, ya miƙa ga buta, ya dawo ya bi ta kan ƙafar a hankali, shafa ɗaya, daga yatsu zuwa idon sawu. Ta mayar da safa. Sa'an nan kan inuwar ya ɗago sama.

“Ashhadu an la ilaha illallahu wahdahu la sharika lahu, wa ashhadu anna Muhammadan abduhu wa rasuluh.”

Su ukun suka yi salati a tare, ba tare da sun shirya ba.

Inuwar ta dafa gwiwa, ta miƙe da ƙyar, ta yi tsawo, ta ratsa yashin ta fice ta gefen da masallaci yake. Yashi ya saura shi kaɗai, da ɗan duhun inda ruwa ya jiƙa. Can sai aka ji an gyara murya a lasifika. Kafin kabbarar farko ta fito, bidiyon ya tsaya, domin a nan ne Zubair ya farga ya kashe wayar a ranar.

Hoton ya tsaya, bai koma farko ba.

Gogo ta ci gaba da duban hoton da ya daskare. Kafaɗunta, waɗanda suke a ɗage tun shigowarsu, suka sauka a hankali. Ta ɗauki wayar da ke cinyarta ta miƙa wa Ummaru ba tare da ta dube ta ba.

“Amshi abinka. Ka ce wa Rahamatu ta ɗumamo mini tuwon nan.” Rahamatu matar Ummaru ce, tana tsakar gida, ta ji da kunnenta, har ta riga ta nufi madafa.

“Gogo,” in ji Zubair, “me kike so in yi da na shafin? In kin ce a cire duka, a cire.”

Ta yi tunani. “Ya ce kada a ga ƙafar, ba a gan ta ba. Inuwa ba ta tona asirin kowa. Maganar asibitin nan kuwa ka cire, tsakaninku ce. Sauran ka sa, su ji ya yi shahada, bakin mutane ya mutu. Amma Zubairu, in ya tashi, a bar shi ya tafi. Kada a sake dawo da shi.”

A garin, wuri ɗaya ne sabis ke da ɗan ƙarfi, gindin tankin burtsatsen. Can Zubair ya zauna da kwamfuta a cinya, Ummaru na riƙe da waya sama don ta kamo sabis, kamar mai miƙa wa raƙumi ciyawa. Ya cire umarnin da ke sa bidiyon tashi da kansa. Ya cire wanda ke mayar da shi farko. Ya maido masa da sautinsa, ya ɗauke maganar nan guda kamar yadda Gogo ta ce, ya bar wutsiyar yashin duka. A goshin shafi ya sa hoton famfo tsaye, ruwa na zuba, babu kowa, da ɗan maɓalli a tsakiya. Wanda ya so gani sai ya danna da niyyarsa, ya ji, ya kalla har ƙarshe. A ƙasa ya rubuta sunan marigayin da roƙon a yi masa addu'a.

“Zai yi nauyi,” ya ce. “Mai ƙaramin sabis sai ya jira kafin ya buɗe. 'Yan ƙungiya za su ce shafin ya rage kyau.”

“Su ce. Kai dai yi sauri, hannuna ya sage. Wannan ce sana'ar da kake mana taƙama da ita? Ashe da ɗan dako take tafiya.”

Layin da ke nuna hawan bidiyon ya yi ta jan ciki, ya tsaya, ya motsa, har ya cika. Zubair ya buɗe shafin a wayar Ummaru ya gwada. Tsohon ya zauna, ya yi alwala, inuwa ta tashi ta tafi, hoto ya tsaya.

“Sai dai akwai abin da ba ni da iko a kansa,” Zubair ya ce, murya ƙasa-ƙasa. “Na farkon, mutane sun sauke shi a wayoyinsu, sun tura wa juna. Waɗannan ba zan iya kiransu su dawo ba. Wani wuri, a aljihun wani, yana nan yana sunkuyawa.”

Ummaru ya dubi dutsen, wanda babu kowa a kansa ko da yake mata na layi da bokitai a gefe. Bai yi tsokana ba wannan karon.

“Allah Ya san wanda ya gama,” ya ce.

Sabon ladan ya kira la'asar. Muryar yaro ce idan aka gwada da waccan, har yanzu garin bai saba da ita ba. Ummaru ya cika buta a famfo ya miƙa wa taubashinsa. Zubair ya karɓa, ya yi ɗan jim, sa'an nan ya je ya zauna a kan dutsen. Matan suka daina hira suna kallonsa.

Ya yi bismilla. Hannu, baki, hanci, fuska. Damatsa, kai, kunnuwa. Ya wanke ƙafar dama. Ya sunkuya da buta a hannu, ya ji tafin hagunsa na neman buɗewa ya tari ruwa, kamar ana jansa. Ya tsaya har abin ya wuce. Sa'an nan ya jawo ƙafar hagu, ya zuba, ya cuɗa tsakanin yatsu har idon sawu, ya ɗaga kai ya yi shahada a bayyane.

Ya ajiye butar a kan dutsen, ya bi bayan Ummaru zuwa masallaci.